Michael Scott ya tafi, ni kuma an kama ni ina hawaye da tsakar dare

Abban Iman: Jama'a salamu alaikum. Ni yau ƙorafi na kawo, wanda ya sa ni fara kallon The Office, shirin barkwancin nan na Amurka, a gidan nan, Sagir da kai nake, Allah ya isa ban yafe ba. Jiya wajen ƙarfe ɗaya na dare na kai zango na 7 kashi na 22 inda Michael, manajan ofishin, zai bar aiki ya koma jihar Colorado, ina kwance a falo da iyafis a kunne don kar na tashi yara, an ɗauke wuta, cajin wayata saura kaɗan, kawai sai ji na yi abu mai ɗumi na bin kumatuna. Maman Iman ta fito shan ruwa ta dalle ni da tocila ta ce lafiya, wa ya rasu? Na ce mata mura ce. Mutumin da tun zango na ɗaya nake cewa da shi ne ogana da tuni na ajiye aiki na koma kasuwa, wai yau shi nake wa kuka. Dan Allah ni kaɗai ne ko akwai 'yan uwana?

Sagir Fagge: Hhhhh barka da zuwa ƙungiya yallaɓai. Mura ko? Mu ma duk ita muka yi.

Ummu Sadik: Wallahi ba kai kaɗai ba ne Abban Iman. Ni sau huɗu na kalli shirin nan daga farko har ƙarshe amma duk sanda na zo wannan kashin sai na tsallake shi na ajiye sai ranar da nake da ƙarfin zuciya. Wane waje ne ya karya ka? Na Jim ko na filin jirgi?

Abban Iman: Na Jim ne ya fara girgiza ni, na filin jirgi ya ƙarasa ni. Kin ga tun farko ya gaya wa kowa gobe ne ranarsa ta ƙarshe, har su Phyllis da Angela da Pam suna ta rigimar wane irin kek da askirim za a saya na walimar gobe, alhali shi ya san jirginsa na yau ne, ƙarfe huɗu tasi za ta zo. Yana ta bin mutane ɗaya bayan ɗaya da 'yar takardarsa yana soke suna. Jim kaɗai ya gano. Ya shiga ofishinsa ya rufe ƙofa, Michael ya fara rawar murya, sai Jim ya ce a bar maganar sai gobe wajen cin abincin rana, a can zai gaya masa irin ogan kirkin da ya zama. Su biyun duk sun san babu wata gobe. Kai jama'a.

Malam Tanko: Ku yi haƙuri zan ɓata muku zaman makoki. Ni abin da ya yi bai burge ni ba. Mutum ya shekara 19 yana aiki da jama'a, ya cuce su, ya kunyata su, ya kaɗe ɗaya da mota a harabar ofis, sannan ranar rabuwa ya sulale kamar wanda ya ci bashi? Ina neman yafiya? Ko tafiyar kwana biyu za ka yi ai kana leƙa maƙwabci ka ce a yafe juna. Su kuma bayin Allah sun haɗa walima, an wayi gari babu ango. Wannan ba tausayi ba ne, son kai ne, ya guje wa abin da zai yi masa nauyi ya bar su da kek.

Sagir Fagge: Malam ya iso da bulala 😂

Ummu Sadik: Malam da girmanka amma a nan ban bi ka ba. Ai ya yi sallama, kowa sai da ya samu tasa, su ne dai ba su san sallama ake musu ba. Kuma ka tuna wane ne Michael fa. Mutumin da ko bikin wani aka je sai ya ƙwace abin magana, ranar auren Phyllis har fitar da shi aka yi. Wanda ya ƙona ƙafarsa da abin gashin nama ya hana ofis gaba ɗaya sakat wuni guda. Wanda ya saya wa kansa kofi an rubuta wai shi ne ogan da ya fi kowa a duniya. Irin wannan mutumin aka ce ga rana guda taka ce, kowa zai taru ya yabe ka ya yi maka kuka, shi ne ya ce a'a ya fita ta ƙofar baya. Da Michael ɗin zango na 2 ne wallahi sai an yi sati ana walima kuma sai ya tsara wa kowa abin da zai faɗa. Ni a wajena ranar ce kawai na tabbatar ya yi hankali, ya samu wadda take son sa tsakani da Allah ya daina roƙon so a wajen ma'aikatansa.

Malam Tanko: Hajiya na ji wannan, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Amma hankalin da zai sa ka hana mutane su sallame ka, su fa? Sallama ba ta mai tafiya ba ce shi kaɗai, masu zama ma suna da hakki a ciki.

Zee Kaduna: Ai Malam an riga an ba su nasu a kashin da ya gabata, wanda aka yi bikin Dundies na ƙarshe, wato kyaututtukan da Michael ke raba wa ma'aikatansa. Suka zaunar da shi a ɗakin taro suka rera masa waƙa suna lissafa mintunan da ya yi a kamfanin, minti 9,986,000, in ka buga lissafi shekara 19 ɗin da ka faɗa ce cif. Kuma ku kalli fuskar Steve Carell, mai fitowa a Michael, a wajen, wannan ba wasan kwaikwayo ba ne, idonsa ya kaɗa da gaske. To sun yi nasu a taro, shi kuma ya yi nasa ɗaiɗai.

Sagir Fagge: Ni duk ba wannan ba, Dwight nake ji. Bawan Allah nan shekara da shekaru yana bin Michael kamar jela, shi ne direba shi ne ɗan aike shi ne mai gadi, da aka zo naɗa magaji Michael bai ko ambaci sunansa ba aka kawo Deangelo daga waje. Dwight ya ƙullace shi, har marainan bijimi ya kawo masa ya ce abincin mutanen Colorado ne ya ɗanɗana 😂 Sai Michael ya miƙa masa takardar shaida, ya zauna gaban kamara yana karantawa da gatse yana taɓe baki, yana zuwa tsakiya murya ta fara sarƙewa ya kasa ci gaba da iskancin. Daga nan suka fita bayan ofis suna harbin juna da bindigar fenti kamar yara. Duk wanda ya taɓa yi wa wani oga bauta yana jiran kalma ɗaya ta yabo ya san abin da takardar nan take nufi.

Abban Iman: Sagir kar ka sa na koma ruwa a ofis nake.

Zee Kaduna: Kyaututtukan ma abin kallo ne. Andy da ya fi kowa rashin iya ciniki shi ya ba wa manyan kwastomominsa goma, Andy na roƙonsa kar ya ba shi zai zubar da su, kuma kafin a tashi ya fara zubarwa. Darryl ya samu littafin da Michael ya fara rubutawa bai gama ba. Amma na Oscar ne ya kashe ni, wata mummunar 'yar tsana ta tsumma ya ba shi, Oscar ya karɓa da ladabi yana godiya don a zatonsa iyakar basirar Michael ke nan, shi kuma ya koma gaban kamara yana dariya har da hawaye wai ku ga yadda Oscar ya raina shi. Ashe duk shekarun nan ya san kallon da ake masa.

Ummu Sadik: Ga Phyllis tana ta sauri ta gama saƙa masa safar hannu saboda sanyin Colorado, tana cewa gobe za ta ƙarasa, shi kuma yana ta matsa mata ta yi sauri ba ta san dalili ba. Haka ya karɓe ta ba a gama ba.

Deeja: Innalillahi. Ni fa ina zango na 4 😭 wane irin rashin imani ne wannan, ba wanda zai rubuta gargaɗi a sama?

Sagir Fagge: Ƙanwata abin da aka haska ranar 28 ga Afrilu 2011, yaron da aka haifa ranar yanzu yana sakandare. Ki yi haƙuri amma wannan ba tona asiri ba ne, tarihi ne.

Deeja: Allah ya isa Yaya Sagir. Na fita sai na kamo ku.

Injiniya Bash: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni tambayata ɗaya, me ya sa ba su rufe shirin a nan ba? An kai ƙarshe mai kyau, mutumin ya cire makirfo a filin jirgi ya miƙa wa masu kamara, shi ke nan sai a tashi. Amma tashar NBC ta ga kuɗi ta ƙara zango biyu har zuwa Mayu 2013, kashi 201 gaba ɗaya. Kuma ku duba irin laluben da suka yi. Will Ferrell ya zo a matsayin Deangelo kashi huɗu, aka rasa yadda za a yi da shi aka sa ƙarfen ƙwallon kwando ya faɗo masa aka kwashe shi asibiti. Dwight ya riƙe kujera ya harba bindiga a ofis aka sauke shi. Creed ma sai da ya ɗana! Sannan aka jero baƙi wai intabiyu, Jim Carrey, Ray Romano, har da attajirin nan Warren Buffett, da Ricky Gervais mai asalin shirin na Ingila. Duk wannan alamar gidan da babu babba ne. Na asalin na BBC zango biyu suka yi da na Kirsimeti suka tsaya da mutuncinsu.

Ummu Sadik: Zango na 8 kam ba zan kare shi ba, sun lalata Andy, sun mai da shi wani ƙaramin Michael marar gishiri. Amma Robert California, sabon shugaban kamfanin, yana ba ni dariya ni dai, James Spader ya iya rainin hankali.

Injiniya Bash: Hajiya yana da ban dariya amma ba ɗan gidan ba ne. Michael wawa ne mai son mutanensa, shi ya sa ake yafe masa. Wancan wayayye ne da bai damu da kowa ba, in ya fito sai na ji kamar wani shirin na canza.

Sagir Fagge: Injiniya da an tsaya a zango na 7 da Dwight bai zama manaja ba, da bai auri Angela ba, da kuma ba mu ga Michael ya dawo ranar auren a matsayin babban abokin ango ba. Furfura ta fito masa, magana bai fi jimla biyu ya yi ba, Pam ta ce wayoyi biyu yake riƙewa saboda yawan hotunan 'ya'yansa. Mutumin da tun farko burinsa ke nan a duniya, ya tara 'ya'ya. Wannan kaɗai ya biya ni wahalar zango na 8.

Abban Iman: To ni ma yanzu an tona min, na gode Sagir, Allah ya haɗa ka da Deeja.

Malam Tanko: Bari na dawo kan maganata don ban gama ba. Kuna ta cewa mai son mutanensa. Ku tambayi yaran nan da ya yi wa alkawarin biyan kuɗin jami'a tun suna firamare, suka shekara goma suna jira, ranar da ya je ya ba su batirin kwamfuta. Ni malamin makaranta ne, wannan kashin ban iya ƙarasa shi ba, kashe talabijin na yi. Ku tambayi Toby da bai taɓa yi masa komai ba. Abin da nake gani shi ne marubutan sun san za su rabu da shi sai suka bi shi da sabulu a zango na 7, suka wanke shi tas don ku yi kuka, kuma kun yi.

Zee Kaduna: Wankin ba a zango na 7 aka fara ba Malam. Zango na ɗaya kashi shida ne kawai kuma a can Michael mugu ne sosai, kwafin David Brent na Ingila, gashi a shafe da mai, mutane ba su so shi ba saura kaɗan a soke shirin. Daga zango na 2 su Greg Daniels, masu shirya shirin, suka sassauta shi, kusan duk kashi sai an bar masa wani ɗan lungu da za ka ga zuciyarsa. Ka tuna baje kolin zanen Pam a zango na 3? Kusan duk 'yan ofis ba su je ba, waɗanda suka je ma suka kushe, tana shirin cire zanenta sai ga Michael a makare, ya tsaya gaban zanen ginin ofishinsu yana mamaki da gaske ya ce zai saya. Zanen nan yana rataye a bango har ƙarshen shirin. Shi ya sa dole Pam ce za ta zama ta ƙarshe a filin jirgi.

Ummu Sadik: Yawwa Zee. Kuma ta kusa rasa shi, ta ce ta fita duba farashin injin yayyaga takarda ashe sinima ta shige kallon The King's Speech, tasi ɗinsa na fita ita tana shigowa. Sai ga ta a guje takalma a hannu ta wuce wajen bincike, shi kuma ya riga ya cire makirfo, ba ka jin komai sai hayaniyar filin jirgi, ka ga sun rungume juna suna magana daga nesa. Jenna Fischer mai fitowa a Pam ta faɗa daga baya cewa ba rubutu take karantawa ba a wajen, ita da kanta take yi wa Steve Carell ban kwana. Zango bakwai muna jin duk wani shirmen da ta fito daga bakin mutumin nan, magana ɗaya da muke son ji ita aka hana mu.

Malam Tanko: Wannan wajen kam sun iya. Ban ce ba su iya ba.

Sagir Fagge: A rubuta a ajiye, Malam ya sauko da taki ɗaya.

Injiniya Bash: Ku gode wa Allah ma an sallame shi da mutunci. A shekarar nan dai ta 2011 aka kori Charlie Sheen daga Two and a Half Men bayan ya zagi mai shirin, ko a fuska bai sake fitowa ba, aka buɗe sabon zango da jana'izarsa wai jirgin ƙasa ya bi ta kansa a Faris, aka kawo Ashton Kutcher. Ko Anti Viv ta Fresh Prince, 1993 kawai aka wayi gari da wata matar daban a gidan ana kiranta da sunan, kusan kowa ya yi kamar bai gani ba. Sai 2020 Janet Hubert da Will Smith suka zauna suka shirya.

Zee Kaduna: Mu ma ai mun ga irinta a Labarina, Nafisa Abdullahi ta fita aka kawo Fati Washa ta ci gaba a Sumayya. Ba barkwanci ba ne shi amma ciwon ɗaya ne, sai da na yi makonni kafin idona ya saba. Ni gara a rubuta wa mutum tafiya ko mutuwa da a canza min fuska a ce na yi shiru.

Ummu Sadik: Shi kuma Michael dalilin tafiyar ma mai kyau aka ba shi, iyayen Holly da zai aura sun tsufa babanta ya fara rikicewa tana son komawa kusa da su, shi ya ce zai bi ta. Namiji ya bar aikin shekara 19 ya bi mace garinsu, a nan da an ce an shanye shi 😂

Abban Iman: An shanye shi mana, kin manta kyandirorin da ya cika ofis da su ranar da ya nemi aurenta har na'urar kashe gobara ta jiƙa su sharkaf? Amma wai shi Steve Carell me ya fitar da shi, fim ya ja shi?

Injiniya Bash: Kwantiraginsa na zango bakwai ne ya ƙare. A 2010 ya faɗa a wata hira da rediyon BBC cewa mai yiwuwa na bakwai ne na ƙarshensa, a fili kuma ya ce yana son ya samu lokacin iyalinsa. Daga baya wasu da suka yi aiki a shirin suka ce shi da an neme shi da zai ƙara, shugabannin tashar ne ba su yi wani yunƙurin riƙe shi ba. Abin da ya fi ba ni haushi ma lambar yabo ta Emmy, sau shida ana sa sunansa a wannan rawar bai taɓa ci ba, har shekarar tafiyar tasa Jim Parsons aka ba. Golden Globe ɗaya ya samu a 2006.

Malam Tanko: Bari na gaya muku abin da ya sa maganar walimar ta tsaya min. Da na yi ritaya an yi min taro a makaranta, an kafa rumfa an yi hayar kujeru, aka ba ni agogon bango da sunana an rubuta shi ba daidai ba. Mutum bakwai suka yi jawabi, wanda ya fi kowa daɗewa yana yabona shi ne wanda ya shekara yana kai ƙarata. Na zauna ina murmushi ina jin yunwa. Da aka watse ina ɗaure agogon a bayan mashin sai mai gadinmu, tsoho, ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce Malam shi ke nan? Ya kasa ƙara komai. Har yau in na tuna makarantar shi nake tunawa. To ina ga dai abin da Hajiya take faɗa ke nan tun ɗazu. Amma duk da haka na je taron, ban gudu ba.

Ummu Sadik: Allah sarki Malam. Allah ya sa an gama lafiya, ya ba da ladan koyarwa.

Sagir Fagge: Amin. Amma Malam agogon yana aiki?

Malam Tanko: Wata uku ya yi.

Abban Iman: 😂😂 Malam ka gama da ni. To yanzu ku ba ni shawara tsakani da Allah, na ci gaba ko na tsaya a nan? Datar da ta rage min ba ta da yawa kuma Injiniya ya kashe min gwiwa.

Injiniya Bash: Ƙarasa zango na 7, ka tsallake zuwa rabin ƙarshe na zango na 9.

Ummu Sadik: Kar ka ji tasa, ka kalla duka, in ka tsallake ba za ka gane rigimar Jim da Pam ba. Kuma ka lura da kofin nan da Michael ya jefa a kwandon shara, ka koma ka ga wa ke shan shayi da shi kafin a tashi.

Abban Iman: Na gani, Creed ne, ɓarawon banza. Zan ci gaba daren yau in an kawo wuta, amma a ɗaki zan kulle kaina, Maman Iman tun safe take tambayata ya jikin mura.

Deeja: Na dawo, ban karanta komai ba na rufe ido na gangaro ƙasa. Tambaya ɗaya kawai, wace ce Holly?

Sagir Fagge: Ƙarasa zango na 4 ƙanwata, tana kashin ƙarshe.